Ramuwar Dije 'Yar Mai Agogo

Dije matar Isa direba ba ta da faɗa, ba ta da surutu, amma duk Jega Sabon Gari an san ta da abu guda: ba ta mantuwa. Doguwa ce siririya, mai ƙananan idanu da take tsukewa idan tana kallon mutum. Ka ɓata mata rai yau, gobe za ta gaishe ka, ta tambayi iyali, har ta aiko maka da fura. Kai dai ka kwana da sanin an ajiye maka naka. Mijinta, wanda ke jigilar albasa daga Aliero, ya sha cewa abin da ya shiga ran Dije ba ya ruɓewa ko ya shekara goma a rumbu.

Ubanta shi ne Maccido mai agogo, haifaffen Jiga Maƙera. Gidansu gidan ƙira ne tun kakanni, hauya da galma da lauje. Shi kaɗai ya fita daban. Yana saurayi ya tafi Sakkwato ya zauna wurin wani mai gyaran agogo, ya dawo Jega da akwatin ƙananan kayan aiki da ido ɗaya da ya saba da madubi. Da farko gyara kawai yake yi a rumfarsa ta kasuwa. Daga baya hannun maƙeri ya motsa, ya fara abin da ya sa har yau ake ambatonsa.

Ga yadda yake yi. Injin agogo, irin wanda ake wanawa da hannu kowace safiya, a Sakkwato yake sayowa, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Sauran duka aikinsa ne. Mai son agogo shi zai zo da ƙarfensa daga gida: tsohuwar munduwar tagulla ta uwarsa, ko zoben azurfar kakarsa, ko guntun linzamin dokin ubansa. Maccido ya narka, ya zuba gidan agogon, ya goge shi har sai ka ga fuskarka a ciki. A fuskar agogon ya rubuta lambobi da Larabci, ya ɗiga jan ɗigo biyu, ɗaya wajen azahar ɗaya wajen la'asar, domin manomin da ke tsakiyar fadama ba ya jin ladan. A bayan murfi kuma ya buga tambarinsa, hoton ɗan ƙaramin awartaki, wannan abin da maƙera ke kama jan ƙarfe da shi.

Agogo ɗaya sai ya ci masa wata huɗu ko biyar. A shekara ashirin, arba'in da uku kacal ya yi.

Dije tana da shekara goma sha biyu ubanta ya lura hannunta ba ya rawa. 'Yan'uwanta maza biyu duk sun gwada aikin sun gudu, ɗaya ya koma fawa, ɗaya ya bi mota. Ita ce ta zauna. Ya koya mata kwance inji da wankewa, ya kuma ba ta aikin da ya fi kowanne wuya, wato zana sunan mai agogo da ajami a cikin murfi, da bakin ƙarfe mai tsini kamar allura. Ko bayan ta yi aure, murafe na zuwa mata gida a ƙulle cikin hankici. Shi ya sa ta san kowane agogo da mai shi, da ƙarfen da aka narka, da matar da ta yi kuka ranar da aka karɓi munduwarta.

To, akwai Tamu. Tamu ɗan tebur ne, yana sayar da madubai da tocila kusa da rumfar Maccido. Shekara da shekaru kwano ɗaya suke ci, Dije tana kiransa Baba Tamu. Da agogon batir ya shigo, mai lambobi masu ƙyaftawa da kiɗa, Tamu ya cika teburinsa da su. Ciniki ya buɗe masa, ya je Makka ya dawo Alhaji, ya sa haƙorin zinare. Duk da haka abu ɗaya ya tsaya masa a wuya: manyan dillalan albasa su wuce teburinsa, su durƙusa gaban rumfar Maccido suna roƙon a sa su a layi.

Wata ranar kasuwa, wani babban dillali daga Aliero yana zaune wurin Maccido da munduwa a hannu, sai Tamu ya miƙo hannu ya ɗauki agogon da aka gama, wai zai duba. Ya sa wuƙa ya ɓalle murfin, ya ɗaga shi sama.

"Jama'a ku taho ku gani!" in ji shi. "Wanga shi na agogon da aka cewa Maccido ka ƙerawa. Ku dubi cikinai. Rubutun Nasara na ko na Jiga Maƙera? Kwano ɗai yaƙ ƙera, tuwon na wasu na!"

Maccido ya ce a hankali, "Ni ban taɓa cewa ni ka yin inji ba, Tamu. Kai ma ka sani."

Wa zai ji? Kasuwa ta samu abin dariya. Mahauta suka bar nama suka zo, 'yan tasha suka zo, agogon ya yi ta yawo hannu zuwa hannu a buɗe, ƙura na shiga. Dillalin ya mayar da munduwarsa aljihu ya sulale. Kafin la'asar an laƙaba wa dattijon suna, Maccido Mai Kwano. Mutumin da ya shekara talatin ana gaishe shi da rusunawa, ranar nan 'yan dako ne ke kiransa da wannan suna suna tafawa.

Ya kulle akwatinsa ya tafi gida, bai sake taka kasuwar Jega ba. Bayan shekara biyu ya rasu, ba wata doguwar jinya. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwan Dije suka sayar da akwatin kayan aikin ba tare da sun shawarce ta ba, kuma Alhaji Tamu ne ya saya, wai don tunawa da abokinsa. Ya zo gaisuwa har da share hawaye. Dije ta amsa gaisuwar daga bayan ƙyaure, ta yi masa godiya, zuciyarta kuwa kamar garwashin maƙera.

Shekara shida ta wuce. Aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ma'aikata suka kwaso kaya suka dawo Birnin Kebbi, kowa ya tashi neman abin da zai nuna ya ce wannan namu ne. Cikinsu akwai Malam Ammar, tsohon ma'aikacin safiyo, mutum mai tara tsofaffin agogo kamar yadda wasu ke tara tattabaru. Ya ga na Maccido a hannun wani tsoho a Maiyama, ya ji labarin munduwa da jan ɗigo, ya rasa sukuni. Ya saya da tsada, ya nuna wa abokansa, su ma suka shiga nema. Ka ji mutane. Abin da suka yi wa dariya jiya, yau shi ne kayan gado.

Wata rana Isa ya dawo daga tasha da agogo a aljihu.

"Dije, ga abin mamaki," ya ce. "Wani ɗan Birni na ɗauko, agogonai ya tsaya, nac ce mashi matata ta iya gyara. Ya ce aikin babanki na, wurin Alhaji Tamu yas saye shi."

Ta karɓa ta juya shi. Tagulla ce, da lambobin Larabci, da jan ɗigo biyu. Amma gefensa da kaushi, Maccido kuwa ba ya sakin aiki sai ya goga shi a kumatunsa ya ji santsi. Ta buɗe murfin, ta ga wani suna da ba ta taɓa zanawa ba. Sannan ta ɗauko madubin ido, abu ɗaya da ta tsira da shi daga kayan ubanta, ta dubi tambarin. Ta daɗe tana dubawa. Isa ya ce tunda ya aure ta bai taɓa ganin murmushi mai ban tsoro irin na ranar ba.

Abin da ta gani, ita kaɗai ta san ma'anarsa a duniya. A gidan su Maccido, idan maƙeri ya ajiye aiki yakan kashe tambarinsa, don kada ya yi wa aikin wani shaida. Ranar da aka tozarta shi a kasuwa, bayan ya yi sallar la'asar, ya kira Dije ta riƙe masa ƙarfen tambarin, ya sa magagari ya cinye rabin ƙafa ɗaya ta awartakin. Ɗan kaɗan ne, ido ba ya gani sai da madubi. Duk agogon da ya fita daga hannun Maccido awartakinsa ƙafa biyu ne cikakku. Wannan kuwa gurgu ne. Tamu ya sayi akwati, ya samu tambari a ciki, bai san matacce ya saya ba.

Da ta yi wa Isa bayani, sai ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Yanzu in tahi in ci kwalatai gaban jama'a!"

"Kak ka taɓa shi," in ji Dije. "In anka kama shi da guda, cewa za shi yi kuskure na. Bar shi shi ci gaba. So nike shi zuba dut abin da yam mallaka ciki."

"Ke dai Allah shi raba mu da hushinki," Isa ya ce, ya koma ya zauna.

Ta gyara agogon tsaf, ta mayar ba ta ce uffan ba. Gaskiya ita ce ba don ta kare masu saye ta yi shiru ba, ba kuma don haƙuri ba. Ramuwa take so, cikakkiya, kuma ta yarda wasu su cutu a hanya in dai za ta samu.

Tamu kuwa ya saki jiki. Ya sami wani maƙeri a wani ƙauye yana zuba masa gidajen agogo, ya sami mai rubutu yana zana masa sunayen mutanen da ba a taɓa haifa ba, shi kuma yana buga tambari a ɗakinsa. Ya sayar da kayan teburinsa, ya sayar da rumbunan albasarsa biyu a Aliero tun kafin ta yi tsada, duk ya zuba a tsofaffin injuna da tagulla. A bakin shagonsa yana ba baƙi labarin yadda shi da marigayi suke kamar uwa ɗaya uba ɗaya, da yadda ya bar masa sauran aikinsa amana. Duk maganar da ya yi sai ta iso kunnen Dije, ita kuma ta aika masa da gaisuwa.

Wata takwas tana shiri. Duk ranar da Isa zai yi lodi, sai ta shiga gaban mota da sunan ziyarar dangi. Ta je Aliero, ta je Jiga, ta je Maiyama da Karaye, tana bin gidajen da ta san akwai agogon ubanta. Wasu masu shi sun mutu ya koma hannun 'ya'ya, wasu sun jefa shi cikin kwalla tun shekarar dariya. Ta wanke kowanne kyauta, ta sa masa mai, ta tayar da shi. A Karaye ta sami Malam Mu'azu, tsohon manomi, wanda bai taɓa cire nasa ba.

"Munduwar innata ta," ya ce mata yana shafa shi. "Ran da sunka yi ma babanki dariya ina nan. Ban yi dariya ba, amma ban ce komi ba. Abin na damuna har yau."

"In na kira ka za ka zo, Baba?"

"Ko da rarrahe."

Ranar ta zo ne lokacin da labari ya bazu cewa Malam Ammar da abokansa za su zo Jega su kwashe agogo goma sha biyar a wurin Tamu, don rabawa manyan baƙi a wani taro. Dije ta tura Isa ya tare shi a tasha, ya ce 'yar Maccido na roƙon ya biyo ya sha ruwa. Jin sunan kawai ya isa. Da Malam Ammar ya shiga zauren Isa, sai ya tarar da tsofaffi tara zaune a kan tabarma, kowanne da agogo a hannu, duka suna tafiya tare ba wanda ya riga wani.

Dije ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, lulluɓe da mayafi. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ko ambaci sunan Tamu ba. Ta sa kowane tsoho ya faɗi ƙarfen wa aka narka masa. Sannan ta miƙa madubin ido.

"Malam, dubi awartakin da ad bayan wanga, ka ƙirga ƙahwahunai. To, dubi na kusa da shi. In ka gama, ka ciro wanɗanda kas saye kwanan nan ka duba."

Malam Ammar ya duba tara, ya ciro uku daga jakarsa ya duba. Na farko, wanda ya saya a Maiyama, lafiya lau. Biyun da suka fito daga shagon Tamu guragu ne. Ya cire madubin, ya share zufa, ya tambayi dalili. Ta gaya masa yadda aka kashe tambarin da ranar da aka kashe shi, da abin da ya faru a kasuwa kafin nan. Malam Mu'azu ya ce shi shaida ne. Sauran tsofaffin suka sunkuyar da kai, don akwai waɗanda suka yi dariya a cikinsu.

Malam Ammar bai je shagon Tamu ba. Motarsa ta wuce ta gaban shagon, Tamu na tsaye cikin babbar riga da agogo goma sha biyar jere a faranti, yana ɗaga hannu. Sauran aikin 'yan tasha suka ƙarasa. Kafin sati labari ya kai Birnin Kebbi da Sakkwato, waɗanda suka saya suka riƙa zuwa suna jefa masa kayansa a kan tebur. Ba a kai shi kotu ba, ba a taɓa lafiyarsa ba. Kawai dai ko batirin tocila aka daina saye a wurinsa. Ya rufe shagon, ya koma tallan goro a bakin tasha.

Dije ta ji daɗi, kada wani ya ce ba ta ji ba. Ranar ta dafa shinkafa da kaza ta raba wa maƙwabta, ba ta faɗi dalili ba.

Sai dai abin ya zo da nasa. Tunda aka san yadda ake gane na gaskiya, masu nema suka ninka, kuma duk wanda zai saya sai ya biyo ta gidan Isa ya ji ta bakin Dije. Maganarta ta zama hatimi. Gidajen da ta bi ta tayar da agogo, su masu saye suka bi. Manomi da aka taya masa abin da zai sayi shanun huɗa, me zai jira? Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, Kaduna, Legas, har da wanda aka ce ya haye teku. Malam Mu'azu ya fi kowa daɗewa, amma shekarar da ruwa ya ci masa gona shi ma ya kwance nasa. Ya aiko mata da ban haƙuri. Cikin shekara uku sunan Maccido ya kai inda bai taɓa mafarki ba, aikinsa kuwa ya ƙare a ƙasar da ya yi shi. Wannan ya ci ran Dije ƙwarai, ta kuma san da hannunta a ciki.

Wata safiya aka yi sallama a zaure. Tamu ne, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Isa ya so ya kore shi, Dije ta ce a bar shi. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba, ya kwance wani agogo daga hannunsa ya tura mata.

"Ɗiyata, na san ban da bakin magana. Amma wanga ki duba shi don Allah."

Tun kafin ta taɓa ta gane shi. Azurfa ce, ta yi laushi don daɗewa. Ta buɗe murfin, ga rubutu nan a karkace, na yarinya mai koyo: Tamu ɗan Delu. Shi ne murfin farko da ubanta ya yarda ta zana. Zoben Delu uwar Tamu aka narka, a zamanin da su biyun ke cin kwano ɗaya, kuma Maccido bai karɓi ko kwabo ba. Ta sa madubi. Awartaki ƙafa biyu, cikakku.

"Na kai shi wuri ukku," in ji Tamu. "Kowa ya ji daga hannuna yah hito sai shi yi dariya. Sun ce har na koyi gyara ƙahwar. Kalma guda za ki hwaɗi, Dije. In na saishe shi in samu jari in tashi. Shi kaɗai yar rage min."

Ta ajiye madubin. Ta ɗauko 'yar tasarta ta kwance injin a gabansa, ta wanke, ta sa mai, ta haɗa. Ta goge azurfar da gefen mayafinta har ta yi haske. Hawaye ya zubo mata a kan hannu, don rabonta da riƙe aikin ubanta ya fi shekara. Tamu ya ga hawayen ya ɗauka ta sauko. Ta wana agogon, ta kara a kunne, ta miƙa masa.

"Na Baba na," ta ce. "Ni na zana sunanka da hannuna. Babu mai kyau nai cikin dut wanɗanda yay yi."

"Alhamdu lillahi! To, za ki gaya ma Malam Ammar?"

"A'a. Ni da kai ɗai munka sani, kuma haka za shi zama. Wanda dut yat tambaye ni, ce mashi za ni yi ban duba kayan da yah hito hannun Tamu. Ran da Baba yag gaya ma kasuwa gaskiya ba wanda yaj ji shi. Kai ma ɗanɗana."

"Dije, aikin babanki na za a riƙa kira jabu."

"Na sani," ta ce. Ta tashi ta shige cikin gida.

Isa ya ce ranar ba ta ci abinci ba. Ya lallashe ta, ya ce ko don darajar marigayi ta faɗi gaskiya, agogo ɗaya da ya rage a Jega bai kamata ya zauna da sunan jabu ba. Ta ce ta fi shi sanin haka, ta kuma fi shi jin zafinsa. Ba ta canza ba.

Tamu ya ci gaba da ɗaura agogonsa, tunda ba mai saye. Yana zaune bakin tasha da farantin goro, azurfar na walƙiya a siririn hannunsa. Matafiyi yakan tsaya ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya duba ya faɗa, kuma daidai yake faɗa, ko minti ɗaya babu kuskure. Sai mutumin ya yi godiya, ya matsa gaba kaɗan, ya sake tambayar wani.